Neman kalmomin Google don shagon Baffa na Kwari: rijistar aiki

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Shafin ya hau yau. Sunan shagon da .com.ng a ƙarshe, a kan WordPress, manhajar gina shafin intanet, shafuka huɗu kacal: na farko, na shadda, na atamfa da leshi, sai na inda za a same mu. Kuɗin da ya fita zuwa yanzu: sunan shafi na shekara wajen ₦7,000, hostin, wato hayar wurin ajiye shafi a intanet, na shekara ₦28,000. Baffa ne ya biya amma yana miƙo kuɗin yana tambaya "to yanzu wannan abin shi zai kawo mutane?" Nace masa shafi shi kaɗai ba ya kawo kowa, sai in mutum ya rubuta wani abu a Google namu ya fito masa. Yace to me mutane suke rubutawa? Amsar wannan tambayar ita ce aikina daga nan zuwa Sallah.

Don wanda bai san shagon ba, a Kantin Kwari muke, muna saida shadda, atamfa, leshi da yadin maza, sari da ɗai-ɗai, muna kuma haɗa lefe in an ba da oda. So nake kafin azumi ya kama, wato wajen farkon Maris, duk wanda ya nemi shadda ko kayan lefe a Kano ya yi karo da mu.

Talata, 14 ga Janairu

Na fara da Keyword Planner, kayan aikin Google mai nuna yawan masu neman kalma a wata, tunda shi kowa yake ambata. A cikin Google Ads yake, sai ka buɗe akawun na talla kafin ka shiga, amma ba dole sai ka saki talla ba. Abin lura shi ne in ba ka kashe kuɗin talla ba za a ba ka ainihin adadi ba, tsakani kawai ake nunawa, irin 10 zuwa 100, 100 zuwa 1,000, 1,000 zuwa 10,000, kuma tsakanin 1,000 da 10,000 ai tafiya ce mai nisa.

Na sa wuri Najeriya, daga baya na rage zuwa Kano, na zuba kalmomin da muke faɗa kullum a shago. Na Turanci irin "ankara" da "lace fabric" suna da adadi mai kauri. Namu kuwa, "kayan lefe a Kano", "turmin atamfa", "yadin maza", "leshi mai tsada", yawanci ɗan layi ne a gurbin lamba, babu komai. A jerin harsunan da ake zaɓa ma ban ga Hausa ba, sai na bar shi a kan duk harsuna.

Ni dai ban ɗauki wannan layin a matsayin ba mai nema ba. Ma'anarsa masu neman ba su kai yawan da za a lissafa ba, kuma mu shago ɗaya ne ba kamfani ba, in mutum ashirin masu haɗa lefe suka same mu a wata ai Baffa sai ya ƙara yaro.

Alhamis, 16 ga Janairu

Yau da hannu na bi su, kalma ɗaya bayan ɗaya, a tagar sirri ta Chrome don kar tarihin bincikena ya gurɓata sakamakon. Na sha dariya wlh.

Rubuta "shadda" ita kaɗai, abin da ke fara fitowa darasin Larabci ne, alamar nan ta shadda da ake koya a tajwidi. Rubuta "Atiku" kana nufin yadin maza, sai labaran tsohon mataimakin shugaban ƙasa. "Holland" ƙasar ce take fitowa da taswira. "Ankara" kuma rabi babban birnin Turkiyya rabi hotunan ɗinki na Pinterest, wato wancan adadi mai kauri da na gani ranar Talata har da masu neman tikitin jirgi a ciki. Kalma ɗaya tilo ba ta da amfani gare mu, sai an haɗa ta da abokiyar tafiya: farashi, yadi, Kano, Kwari, ko sunan kamfani kamar Getzner.

Da na koma irin "lace price in Nigeria" sai na tarar Jiji da Jumia da manyan shafuka sun cika shafin farko. Nan ba wurin kokawar shafi ɗan kwana biyar ba ne, na cire su daga lissafi gaba ɗaya. Amma "shadda Getzner Kantin Kwari" ko "masu haɗa lefe a Kano" filin kusan fayau yake, sai 'yan shafukan Facebook da Instagram da tsofaffin rubuce-rubuce.

Asabar, 18 ga Janairu

Ba wuta tun safe. Na buɗe Google Sheets a waya na jera abin da na samu, shikenan.

Laraba, 22 ga Janairu

Wannan ita ce ranar da aikin ya canja. Na roƙi Baffa ya ba ni wayar shago, wadda yaron shago yake amsa WhatsApp da ita, na zauna a bayan kanta na bi saƙonnin kwastomomi na watannin baya. Ban kwafi sunan kowa ko lamba ba, kalmomin kawai nake ɗauka.

Abu na farko, fiye da rabi murya ce ba rubutu ba, sai da na sa abin kunne na yi ta saurare. Na biyu, ba wanda yake rubuta kalma yadda take a ƙamus. Shadda tana zuwa a shadda, shada, shedda. Getzner kam ta sha wuya: gezna, gizna, getzna, har da gesner. Leshi yana zuwa a leshi, less, les, lace. Atamfa da atampa duk ana yi. Ƙ da ɗ da ɓ ban ga ko ɗaya ba a duk abin da na karanta, "dinki" ake rubutawa, "kudi", "karami". Kuma jimla ɗaya sai ta haɗa harshe biyu, "nawa ne price din super", "akwai original gezna white", "kuna delivery zuwa Kaduna".

Na uku, kuma shi ya fi min amfani, tambayoyin kusan iri ɗaya ne ana ta maimaitawa. Nawa ne yadi. Orijinal ce ko kwafi. Yadi nawa zai ishi babbar riga da 'yar ciki da wando. Kuna turawa wani gari. Lefe na kuɗi kaza akwati nawa zai yi, me da me za a sa. Wannan ta lefen mata ne suka fi yinta, yayyen ango da gwaggonni, kuma da kasafinsu suke zuwa, ba su tambayar kaya ɗaya ɗaya.

Sai mutanen Nijar, 'yan Maraɗi da Damagaram da suke sari a wurin Baffa tun kafin a haife ni. In sun yi murya shadda suke cewa kamar kowa, amma in rubutu ne sai ka ga "bazin", "bazin riche", "pagne", kuma da sefa suke tambayar farashi. Na ware musu shafi daban a takardar lissafin.

Da yamma na zauna gaban shago ina jin masu shigowa. Wata Hajiya ta shigo ta ce "ina son shadda mai maiƙo ta maza wadda ba ta kwanciya in an wanke". Ba wani Keyword Planner da zai ba ni wannan jimlar.

Wani abu da ya sa nake ganin jimlolin baki za su ƙara daraja: a ƙarshen 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan da ake iya yin bincike da murya. Mutanen da suka saba tura murya a WhatsApp ba za su ji wahalar danna makirfon su yi magana ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Na ɗauki kalmomin WhatsApp na koma Google da su. Dabarar ita ce ka fara rubutawa ka tsaya, ka ga abin da akwatin zai cika maka, don daga abin da mutane suka taɓa nema yake ɗaukowa. Na yi "kayan lefe" sannan a, sannan b, haka har z, na yi wa "shadda" da "atamfa" ma. Na kwashe na ƙasan shafi, wato binciken da suka danganci naka, da akwatin tambayoyin da wasu suka yi. Abin da ya fi maimaituwa a ɓangaren lefe shi ne jeri, mutane lissafin kayan suke so. A ɓangaren shadda kuma farashi da yadda ake gane orijinal.

Google Trends ma na leƙa. Shi ba adadi yake bayarwa ba, ma'auni ne daga 0 zuwa 100, inda 100 take nufin lokacin da aka fi neman kalmar. Yana iya raba Najeriya jiha jiha, amma ƙananan kalmominmu cewa yake bayanai ba su isa ba. Amfaninsa ɗaya gare ni shi ne kwatanta rubutu biyu, misali atamfa da atampa, in ga wanne ya rinjaya in sa shi a kanun shafi.

Laraba, 29 ga Janairu

Na raba kalmomin gida uku bisa niyyar mai nema. Masu kuɗi a hannu, su ne masu haɗawa da nawa, farashi, Kano, Kwari, turawa. Masu shiri, su ne masu neman jerin lefe ko yadi nawa ake yanka. Sai 'yan kallo, masu neman salon ɗinki. Na farko su ne na shafukan kaya, na biyu zan yi musu rubutu na musamman, na uku na ajiye tukunna.

Kowane shafi kalma babba ɗaya da 'yan rakiyarta. Kanun shafin shadda yanzu "Shadda Getzner a Kantin Kwari, Kano: farashin yadi da sari", na tsaya ƙasa da haruffa 60 don kar a yanke shi a sakamako. A cikin rubutun na bar "gezna" ta shigo a jimla yadda mutum zai faɗa, ban jera kuskuren rubutu goma a ƙasa ba, wannan yana sa shafi ya zama kamar na 'yan damfara. Kanu da adireshin shafi ba haruffa masu ƙugiya irin ƙ da ɗ, cikin rubutu kuma na sa ƙugiyoyina yadda ya kamata.

Akwai wani gurbi a jigon WordPress da na ɗora, wato tsarin kamannin shafi, da ake zuba kalmomi a ɓoye, meta keywords. Na bar shi fanko, tun 2009 Google ya sanar ba ya amfani da shi wajen jera sakamako.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Mun yi ta da Baffa kan farashi, kuma har yanzu ban huce ba sosai.

Kusan duk kalmomin masu kuɗi a hannu da "nawa" suke farawa ko da "price" suke ƙarewa. Na shirya tebur na farashin yadi zan ɗora, ya ce ko kusa. Dalilinsa uku kuma ba na banza ba ne: na farko kayan waje ne, Getzner daga Ostiriya take zuwa, atamfar Vlisco daga Holan, sauran yawanci daga Sin, dala na motsawa farashi ya motsa, abin da ka rubuta yau jibi ya zama ƙarya. Na biyu maƙwabta za su gani su rage naira ɗari biyu su kwashe mutane. Na uku, a cewarsa, "ciniki a baki ake yinsa ɗana, wanda ya zo sari da wanda ya zo yadi biyar ba kuɗinsu ɗaya ba".

Nace Baffa Allah ya ƙara girma, maƙwabtan ai sun riga sun san farashinka, yaransu suna shigowa kullum, wanda bai sani ba shi ne mutumin Gusau da ke riƙe da waya, kuma in ya buɗe shafi ya ga "a kira don jin farashi" fita zai yi ya koma inda aka rubuta. Ya yi shiru ya ci gaba da ninke atamfa, wanda a wurinsa hakan a'a ce.

Yaya ce ta raba mu da daddare. Shawararta a rubuta "daga naira kaza" kawai, a sa ranar da aka sabunta a gefe, a ƙara cewa na sari daban ne a yi magana a WhatsApp. Baffa ya yarda da sharaɗin Getzner da Super kawai, leshi ba za a rubuta ba don kowane da kuɗinsa. Na karɓa. Duk Litinin zan riƙa sabuntawa.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na haɗa Search Console, kayan aikin Google mai nuna kalmomin da suka fito da shafinka, na tabbatar da mallaka ta hanyar DNS, wato saitin sunan shafi, na tura taswirar shafi, jerin shafukanmu ke nan. Sai jira, bayanansa suna zuwa da jinkirin kamar kwana biyu kuma sabon shafi ba ya fitowa nan take.

Talata, 11 ga Fabrairu

Google Business Profile, wato abin da ke sa shago ya fito a taswira in an nemi abu kusa. Wannan ya ma fi shafin muhimmanci ga masu rubuta "near me". Na zaɓi rukunin shagon yadi a matsayin babba. Da aka zo tabbatarwa sai aka nemi bidiyo: a nuna layin, a nuna allon suna, a nuna cikin shago da alamar kai ne mai kula da wurin. To mu ba mu da allo. Shekara da shekaru Baffa yana nan, kowa da sunansa ya san shagon, abin da ke saman ƙofa lamba ce kawai da fenti ya goge.

Sai da na kira mai rubutun allo. ₦18,000 da fenti da kafawa, Baffa yace wannan Google ɗin ya fi mai haya cin kuɗi. Amma da aka kafa ya fita ya tsaya a layi yana kallo ya fi minti nawa.

Matsala ta biyu wurin tsinke a taswira. Kwari gida gida ce, layi cikin layi, adireshi a rubuce ba ya kai baƙo ko'ina. Na tsaya a bakin ƙofa na ɗora tsinken da hannu, na kwafi Plus Code, gajeriyar lambar da Google ke ba wa wuri a taswira, na sa a shafin "inda muke", na ƙara kwatance irin na baki daga titin IBB, wane gida, wane bene, kusa da me.

Ana cikin haka maƙwabcinmu ya kawo wani yaro wai masanin SEO ne, wato dabarun sa shafi ya fito sama a Google. Shawararsa a canja sunan shago a taswira ya koma "Best Cheap Shadda Lace Atamfa Lefe Kano Kwari", kuma in an ba shi ₦40,000 zai kawo sharhi hamsin masu tauraro biyar cikin sati. Baffa har ya fara gyaɗa kai. Na ja shi gefe nace ƙa'idar ita ce sunan da ke kan allo shi ake sawa, cusa kalmomi a suna da sayen sharhi duk suna iya sa a dakatar da shagon daga taswira, kuma sharhin ƙarya ai shaidar zur ce. Wannan ta ƙarshen ce ta shige shi, ya sallami yaron da kuɗin mota.

Google da kansa ya faɗi abu uku da yake dubawa a sakamakon kusa: dacewa da abin da aka nema, nisa, da shahara. Nisa ba hannunmu a ciki. Sauran biyun su ne aikin.

Asabar, 15 ga Fabrairu

An tabbatar da mu a taswira, alhamdulillah.

Data ta yi tsada tun bayan ƙarin kashi 50 da aka amince wa kamfanonin waya a Janairu, kuma hakan ya shafi shafin kai tsaye, don hotunan da yaron shago ya ɗauka kowanne ya haura megabait uku, mai ƙaramar data ba zai jira ba. Na rage su duka na mayar WebP, nau'in hoto marar nauyi, na sa wa kowane hoto bayani da kalmar da ta dace, "farar shadda Getzner yadi biyar" maimakon IMG da lambobi. PageSpeed Insights, mai auna saurin buɗewar shafi, ya daina nuna ja a waya.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Shafin ya mutu tun daren Litinin sai jiya da yamma ya dawo. Kamfanin hostin suka ce matsalar sabarsu ce, wato kwamfutar da shafin yake zaune a kai, na buɗe tikiti, na kira, na tura saƙo, amsa ɗaya ake maimaita min wai injiniyoyi suna kai. Abin haushin a daidai lokacin ne Google ya fara zagayowa yana karanta sababbin shafukan, Search Console ya nuna kuskuren saba a kansu. Da ya dawo kuma takardar tsaro ta SSL ba ta dawo tare da shi ba, duk wanda ya buɗe sai burauza ta gargaɗe shi cewa shafin ba amintacce ba ne, wata kwastoma har ta turo sikirinshot tana tambaya ko an yi mana kutse. Sai da safiyar yau suka gyara.

Na sake neman a karanta shafukan ɗaya bayan ɗaya ta akwatin duba adireshi na Search Console. Na kuma sa wani abin sa ido na kyauta da zai turo min imel in shafin ya faɗi. In suka sake kafin Sallah zan tashi, ko da kuɗin shekarar zai tafi a banza.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Na gama rubutun lefe. Na zauna da Yaya da Gwaggo suka lissafo yadda ake shirya akwatuna a Kano, atamfofi, leshi, shadda, mayafai, takalma da jakunkuna, kayan shafa, turaruka, har inda suka saɓa da juna kan ko dole ne a sa Super a lefen mai ƙaramin ƙarfi, na rubuta duka ra'ayoyin biyu. Da Hausa zalla na yi shi. Na yi wani gajere kan yadi nawa ake yanka wa kaftani da babbar riga, da cewa turmin atamfa yadi shida ne, don baƙi suna tambaya.

Asabar, 1 ga Maris, 1 ga Ramadan

Allah ya karɓi ibada. Search Console ya fara magana. Lambobin ƙanana ne, amma jerin kalmomin shi ne abin kallo: yawancin waɗanda suka nuna mu dogayen jimloli ne masu gaurayen Hausa da Turanci, irin na WhatsApp sak, kuma kusan babu ɗaya daga cikin manyan kalmomin da Keyword Planner ya ba ni a Janairu. Rubutun lefe ya fi kowane shafi fitowa duk da shi ne ƙarami a kwanaki. Jimillar da ke sama ta fi abin da ke cikin jerin, saboda ana ɓoye binciken da ba a cika yi ba don sirrin mutane, wato akwai wasu jimlolin da suka kawo mutane da ba zan taɓa gani ba.

Sababbi da ban yi tunaninsu ba: "lefe na talaka", "ashobi" da "anko", da "boyel na maza". Anko kam babbar kasuwa ce, turmi ashirin talatin iri ɗaya, kuma ba mu da shafinsa. Na buɗe yau.

Lahadi, 9 ga Maris

Yaron shago ya matsa a sa hotunan ɗinkin Sallah don a cewarsa su ne suke tafiya a TikTok, Baffa ya goyi bayansa, aka sa a farkon sati. Mutane sun shigo kam, fiye da kowane shafi. Amma WhatsApp ya cika da "nawa kuke ɗinka wannan", "turo min style ɗin ta baya", mu kuma ba tela ba ne, yaron ya wuni yana ba da haƙuri da azumi a bakinsa, har saƙon wani mai son shadda yadi hamsin ya nutse a ciki ba a gani ba sai washegari, ya riga ya saya a wani wuri. Baffa da kansa yace a cire.

Ban goge ba, na canja kanun daga salon ɗinki zuwa "atamfar da ta dace da ɗinkin Sallah", na rubuta a sama ƙarara cewa yadi muke sayarwa ba ma ɗinki. Masu shigowa za su ragu, na sani.

Litinin, 17 ga Maris

Oda ta farko da muka tabbatar daga Google take. Wata Hajiya daga Kaduna za ta aurar da ƙaninta bayan Sallah, ta ce ta rubuta yadda ake haɗa lefe ne ta faɗo kan rubutunmu, ta karanta, ta danna WhatsApp. Ta yi tiransifa, an kai kaya tasha. Baffa bai ce komai ba sai da aka sha ruwa, sannan yace "gobe ka sa farashin leshin ma, amma daga kaza".

Na ajiye littafi a kanta, duk baƙon fuska ko sabuwar lamba a tambaye shi a ina ya gan mu, in yace Google a tambaye shi me ya rubuta. Yawanci ba sa tunawa daidai, amma ko rabin jimla ya ishe ni. Maɓallin WhatsApp na kowane shafi ma na sa masa saƙon farko daban, na shafin anko yana farawa da "Salam, na ga anko a shafinku", ta haka muke gane ta inda mutum ya shigo.

Laraba, 26 ga Maris

Kasuwa ba masaka tsinke, ban taɓa kwamfuta ba duk satin, awo da yanka nake taya su. Abin da na lura a waya: neman shadda da yadin maza a shafin ya yi sama a tsakiyar azumi, yanzu ya fara sauka tun kafin Sallah, saboda teloli sun rufe karɓar ɗinki, wanda bai saya ba ya haƙura ko ya koma kan ɗinkakku. Wato rubutun Sallah dole ya riga azumi hawa.

Alhamis, 3 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi 30 ga Maris, barkanmu. Lissafin kuɗi zuwa yau: suna ₦7,000, hostin ₦28,000, allo ₦18,000, data wajen ₦20,000, talla sifiri. Ribar lefen Kaduna da anko biyu da suka biyo baya ta rufe wannan har da saura.

Sharhi a taswira guda kaɗan ne amma na gaske, na kwastomomin da muka roƙa bayan kaya sun isa. Biyu da Hausa suka rubuta, ɗaya ta ambaci gezna da lefe da bakinta ba wanda ya sa ta.

Asabar, 12 ga Afrilu

Shirin zango na gaba. Bukukuwa sun taso bayan Sallah, don haka anko da lefe su ne gaba, zan raba rubutun lefe gida biyu, na mai ƙaramin kasafi da na mai hali, tunda "lefe na talaka" tana ta fitowa kuma muna can ƙasan shafin farko a kanta. Babbar Sallah farkon Yuni ake sa rai, rubutun shaddar maza dole ya hau kafin ƙarshen wannan watan.

Shafin mutanen Nijar shi ne ban taɓa ba har yanzu. Wani ɗan Maraɗi da ke sari a wurinmu ya yarda zai duba min Faransancin in na rubuta, "bazin riche Getzner Kano", "pagne en gros", da bayanin yadda kaya ke bi ta Jibiya. Farashi da sefa Baffa yace kar in soma, canji ya fi dala rawa a wurinsa, za a bar shi a WhatsApp. Zan kuma gwada tallan Google na ₦15,000 a kan kalmomi biyar kawai, a Kano da Kaduna da Abuja, in ga ko rahoton kalmomin da aka nema zai fito min da wasu jimlolin da Search Console yake ɓoyewa. Litinin in Allah ya kai mu akwai sabunta farashi, kuma leshi uku sun ƙare a shago har yanzu suna kan shafi.